Bayan Wanki Na Goma

Na ga saƙonninku. Wasu na tambayar ko lafiya na yi shiru har sati uku, wasu kuma sun fara yi min barka, wai hidimar biki ce ta ɓoye ni. Babu wani biki. A kan bencin asibiti nake rubuta muku wannan, ƙafar mahaifina ake maganar yankewa, kuma da hannuna a ciki dumu-dumu. Na san kafin ku kai ƙarshe da yawanku za su daina jin tausayina, ba kuma zan ga laifinku ba.

Ga waɗanda yau suka fara bin labarin nan, ni ce ƙarama a gidanmu, Auta kowa ke ce min har a wurin aiki. Ina aiki a ɗakin gwaji na wata masaƙa da ke yin yadin roba, irin wanda ake ɗinka zanen gadon asibiti da rigunan nas da safa. Zaren roba santsi gare shi, ba ya shan komai, gumi ma a kansa yake zama ya yi tsami. Shi ya sa ake tsoma shi cikin wani ruwan magani mai yauƙi, a matse, a tura shi tanda ya gasu, har maganin ya kama jikin zaren ya zama wata siririyar fata da ido ba ya gani. Duk ƙwayar cutar da ta sauka a kan fatar nan fashewa take yi. Aikina shi ne in tabbatar da haka. In yanki ƙyalle kamar tafin hannu, in ɗiga masa ruwan ƙwayoyin cuta, in rufe shi a kabad mai ɗumi ya kwana, sannan in tatse shi a faranti in jira abin da zai tsiro. Faranti ya fito fes, magani ya yi. Ya cika da ɗigo-ɗigo, an yi wahalar banza.

Dogo shi ke kula da tandar. Sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakinmu, kuma kullum warin yadi mai zafi yake yi, ko wane turare ya fesa. Kawo samfuri ba aikinsa ba ne, amma shekara biyu bai taɓa barin wani ya kawo ba. Zai ajiye ledar a gefen teburina, ya tsaya yana karanta takardun bango kamar yau ya fara ganinsu, sai Anti mai tabarau, shugabarmu, ta ce, "Malam, in ka gama haddace su ka ja mana ƙofa."

Ni da Dogo muna son juna, Baba ne matsalar. Tela ne, shekara arba'in yana kan keke kafin idonsa ya yi rauni ciwon suga ya zaunar da shi. A duniya babu abin da ya raina kamar yadin roba. In aka kawo masa yadi, zare ɗaya zai zaro ya kai bakin ashana. Ya zama toka, sai ya gyaɗa kai. Ya narke ya dunƙule, sai ya ture shi da bayan hannu. Aikina ma da ƙyar ya bar ni, ya ce ni dai gwadawa nake yi, ba ni ke saƙawa ba. Amma ranar da Mama ta kai masa zancen Dogo, cewa ya yi, "Wanda ke gasa wa mutane leda su sa a jiki? Ya nemi wata." Sau uku Dogo na zuwa gaishe shi, sau uku yana amsawa fuskarsa na kallon rediyo.

A lokacin nan Baba na fama da wani ɗan gyambo a ƙarƙashin babban yatsan ƙafarsa ta dama. Bai kai girman maɓalli ba, kuma ba ya jin zafinsa, don ƙafar ta daɗe da mutuwar ji. Sau biyu a sati Yaya, babban wanmu, ke kai shi asibiti wankin ciwo. Ya tsani zuwan nan: layi, faɗan nas, da yadda ake cire masa takalmi a gaban mutane. Abin da ya fi ci masa rai kuwa wari ne. Mutumin da ba ya fita sai ya goge hularsa, sai ga shi abokansa na matsawa gefen benci in ya zauna. Ya daina fita ƙofar gida gaba ɗaya.

Ni na ba Dogo labarin nan, ina kuka. Bayan kwana biyu sai ga shi da kwali ƙarami, safa ƙafa shida, ruwan toka, masu laushi, bakinsu ba ya matse ƙwauri. Daga wani sabon haɗin magani ne da ake gwadawa, kuma a wurinmu ragowar samfuri ana bar wa ma'aikata. Ya durƙusa a gaban Baba a falo, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓarsa.

"Baba, wannan tana rage wari. Akwai magani a jikin zaren, yana kashe ƙwayar cutar da ta taɓa shi. Amma ba ta maye gurbin asibiti, a ci gaba da zuwa."

Ina bayan labule na ji da kunnena ya faɗi haka. Baba ya ce a ba shi ashana. Ya zaro zare, ya ƙona, ya dunƙule.

"Roba ce."

"Roba ce, Baba."

"To ajiye."

Mama ce ta lallaɓa shi ya sa. Kwana huɗu wari ya ɗauke. A na biyar Baba ya sa farar rigarsa mai aljihu uku, ya ɗauki sanda ya fita wurin abokansa, bai dawo ba sai da rana ta yi sanyi. Ina jera kwanuka ya kira ni.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Yaron nan mai leda. Ki ce ya turo manyansa."

Wallahi kwanon da ke hannuna sai da ya faɗi. Na shige ɗaki na rufe, na rubuta wa Dogo: "Baba ya yarda!!!" Ya turo min hoton fuskarsa a gaban tanda, gumi sharkaf, baki har kunne, a ƙasa ya rubuta: "Yau ko yadin duniya ya ƙone ba ruwana."

A satin ne Baba ya ce shi da wankin ciwo sun yi sallama. Yaya ya yi magana, ya ce masa, "Magani na ƙafata dare da rana, me nas za ta ƙara min?" Mama ta ce a bar shi tunda ga sauƙi ana gani. Ni ma da na buɗe baki sai ya ce, "Ke da kike gwadawa, yana kashewa ko ba ya kashewa?" Na ce yana kashewa. A ranar gaskiya na faɗa, don farantin farko fes ya fito.

Sai dai gwajinmu ba ya tsayawa a farantin farko. Muna da ɗan injin wanki a kusurwa, muna wanke samfuri sau biyar mu gwada, sau goma mu gwada, har hamsin. Maganin da bai jure wanki ba, ba magani ba ne. Sabon haɗin nan ya tsallake wanki biyar. Ranar wata Talata na buɗe kabad na ɗauko farantin wanki na goma. Ɗigo ne a kai rututu, har sun haɗe da juna, babu ma abin ƙirgawa. Na ce ko hannuna ne ya gurɓata shi, na sake. Haka ya fito. Wanda muka wanke da bilic, ruwan nan mai faranta tufafi, kuwa, wanki biyu ya ishe shi. Maganin bai kama zaren sosai ba, ruwa ke tafiya da shi kaɗan-kaɗan.

Na rubuta rahoto yadda yake, Anti ta duba ta ce a jingine haɗin, a koma a gyara. Babu wanda ya ɗaga murya. A wurinmu irin wannan ba wani abu ba ne, don shi aka gina ɗakin gwajin, kuma ko ƙyalle ɗaya ba a sayar ba. A duk faɗin duniya mutum ɗaya ne ke yawo da safar nan a ƙafarsa.

Ko rigar aiki ban cire ba saƙon Dogo ya shigo.

"Na ga rahoto. Safar Baba daga ciki take."

"Na sani."

"Ki faɗa musu yau. Yanzu safa ce kawai. Ko in zo in faɗa da kaina?"

"A'a, kar ka zo. Ni na san yadda zan bi da shi."

"Yana dai zuwa wankin ciwo ko?"

Na daɗe ina kallon tambayar nan. Ban taɓa gaya masa Baba ya daina ba. Na rubuta "Eh", na tura.

A mota na shirya maganata tsaf. Na shiga gida da niyyar faɗa. Sai na tarar da Baba a falo da abokinsa mai gyaran agogo, ya ɗora ƙafa a kan matashi yana nuna masa safar.

"Surukina ne ya haɗa. Ka gan shi nan dogo kamar ba ya jin magana, amma kansa na ja. Auta, zo ki gaya masa yadda abin ke aiki."

Surukina. Shekara biyu ina jiran kalmar nan daga bakinsa. Na tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, na yi wa mai agogo bayanin yadda ƙwayar cuta ke fashewa, Baba na gyaɗa kai kamar shi ya koya min. Na wuce bayan gida in wanke fuska, sai na ga safa ƙafa biyar a kan igiya suna ɗiga, warin bilic na tashi. Mama kullum sai ta jiƙa su a ruwan zafi da bilic, don tun farko nas ta ce mata tsabta ita ce gaba da komai. Na ƙirga kwanaki a yatsa. Maganin ya daɗe da bin rariya.

Na san abin da kuke faɗa a ranku, ni ma na faɗa wa kaina fiye da haka. Amma ga yadda na lissafa a lokacin, tunda na yi alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba. Manyan Dogo za su zo nan da sati biyu. In na yi magana yanzu, Baba zai ce dama ya faɗa, leda leda ce, yaron ya yaudare shi, ya kunyata shi a gaban abokai. In na bari aka tsayar da magana, zan faɗa a hankali, in ce an samo wadda ta fi, in lallaɓa shi ya koma asibiti. Sati biyu ne kawai. Ciwon ma ɗan mitsitsi ne.

Da Dogo ya tambaya washegari, na rubuta masa: "Na faɗa. Ya fahimta."

"Alhamdu lillahi. Bai ji haushina ba?"

"Ko kaɗan."

Ya turo min zuciya guda uku. Na kife wayar a kan teburi.

Daga nan komai ya haɗu ya taya ni ƙarya. Aka tura Dogo wani reshe ya kafa sabuwar tanda, wata biyu da rabi. Kawunsa da zai jagoranci zuwan ya kwanta rashin lafiya, aka ɗaga. Sati biyu ya zama huɗu, huɗu ya zama tara. Kullum in na tashi sai in ce yau, in na dawo sai in ce gobe. Wari ya fara dawowa, Mama ta ce zafin gari ne, ta ƙara bilic, ta riƙa fesa turare a falo. Baba ya hana kowa ganin ƙafar, da kansa yake canja safa a ɗaki, shi da ba ya gani sosai. Sau ɗaya na ce, "Baba, da dai an leƙa asibiti an duba." Ya ce, "Kin fara shakkar aikin mijinki tun yanzu?" Aka yi dariya. Har da ni.

Na rame. Doguwar rigata mai ruwan ƙasa da ke kama ni ta koma tana min yawa. Yayata da ta zo ta ja kumatuna ta ce zumuɗi ne ke cin amarya.

Ranar Litinin da hantsi, ina cikin jera faranti, Mama ta kira. Ba ta taɓa kirana a wurin aiki ba.

"Auta, safar ta manne. Na ja, ta taho da fata. Ƙafar ta yi baƙi, jikinsa zafi kamar wuta, yana ta sambatu. Yayanki ya tafi nemo mota."

Ban san yadda na isa asibitin ba. Da farar rigar aiki na je, mayafina a hannu, takalmin roba na ɗakin gwaji a ƙafata. Likitar mace ce, gajeriya, ba ta da yawan magana. Ta tambayi yaushe rabon da a wanke ciwon. Yaya ya ce wata uku. Ta ɗago ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wata uku? Mai ciwon suga?"

Mama ta ciro safa ɗaya daga jaka, wankakkiya, a ninke, ta miƙa mata da hannu biyu. "Yana sa wannan, likita. Mai magani ce."

Likitar ko karɓa ba ta yi ba. Ta ce ko da maganin na nan, safa ba ta shiga cikin nama. Ta ce ruɓar ta kai ƙashi. Za su gwada allurai na kwana uku, in ba ta tsaya ba, sai dai a ceci sauran jikin.

Kwana ukun nan a kan bencin nan na yi su. Ba ta tsaya ba.

Jiya da azahar Dogo ya iso, kai tsaye daga tasha, jakarsa a baya, ledar lemo a hannu. Ni na gaya masa Baba na asibiti, ban gaya masa dalili ba. Zazzaɓin ya ɗan sauka, Baba na cikin hankalinsa, an jingina shi da matashi biyu, an rufe ƙafar da wani abu kamar keji don kada zane ya taɓa ta. Mama na gefen gado, Yaya na tsaye jikin taga. Dogo ya sunkuya ya shigo, ya yi sallama, ya durƙusa. Yaya bai bari ya gama gaisuwa ba.

"Kai, da wace fuska ka shigo nan? Ka kawo wa tsoho safa ka ce magani ce, ya bar asibiti wata uku saboda kai. Yau ga shi za a yanke masa ƙafa."

Dogo ya ɗago. "Ya bar asibiti?"

"Tambayata ma kake yi?"

Sai ya juyo ya kalle ni. Ba zan iya kwatanta muku kallon nan ba. Babu faɗa a ciki, tambaya ce kawai, kuma ina gani ya samu amsarta a fuskata. Wayar da saƙonnina ke ciki tana aljihun gaban rigarsa, ina hango kanta. Ciro ta kawai zai yi ya wanke kansa. Ya sunkuyar da kai, ya ajiye ledar lemon a ƙasa.

"Laifina ne, Yaya. Ni na kawo. Baba, ka yafe min."

"Tashi ka fita," in ji Yaya. "Kuma zancen Auta, ka manta da shi."

Mama ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Dogo ya miƙe. Ni kuwa ina tsaye jikin ƙarfen gado na yi tsit, kuma ga abin da ya fi komai muni a labarin nan: wani sashe na zuciyata sanyi ya ji. Na ce a raina shi ke nan, ya ɗauke min. Zan sake yin shiru, a karo na nawa ban sani ba.

"Dakata," in ji Baba. Muryarsa ta dushe, amma kowa ya ji. Bai kalli Dogo ba, inda nake ya juyo da idanunsa masu hazo. "Auta, matso."

Na matsa.

"Shi gasawa yake yi. Ke ce mai gwadawa. Ko ba haka kika ce min ba?"

"Haka ne, Baba."

"To kin sani, ko ba ki sani ba?"

Dogo ya ce, "Baba, ai ita..."

"Ba da kai nake ba."

Fankar sama na juyawa, a gadon kusa wani na tari. 

"Na sani, Baba. Tun wata biyu da suka wuce. Maganin wanki ke cire shi. Dogo ya ce in faɗa maka tun ranar, na ce masa na faɗa. Ya tambaya ko kana zuwa asibiti, na ce kana zuwa. Tsoro na ji kada ka fasa."

Kukan Mama ya tsaya cak. Ta sauke mayafin tana kallona kamar baƙuwa ce ta shigo ɗakin.  Da na waiwaya, Dogo ba ya bakin ƙofa, ledar lemon ce kawai a inda ya ajiye ta. Har yanzu da nake muku rubutun nan bai kira ba, bai turo komai ba, ni kuma ban ga da bakin da zan neme shi ba.

Baba ya kawar da idonsa daga kaina. Ya mayar da kansa kan matashi yana kallon silin. Na so ya zage ni, na so ya ce in fita kamar yadda aka ce wa Dogo. Muna nan a haka nas ta shigo da takarda a maƙale jikin allo, ta ce likita ta sa aikin gobe da safe. Ta ce tunda idon majiyyaci ba ya gani, a karanta masa, ya dangwala yatsa, mutum ɗaya daga iyali ya sa hannu a matsayin shaida. Yaya ya miƙa hannu zai karɓa.

"A'a," in ji Baba. "Ba Auta. Ta karanta min da ƙarfi, duka, kada ta tsallake ko layi ɗaya."

Nas ta miƙo min.  Na karanta sunansa da shekarunsa. Na karanta cewa an yi masa bayani ya fahimta. Da na kai layi na uku, inda aka rubuta ƙafar dama, ƙasa da gwiwa, sai na tsaya.

Baba ya lalubo hannuna a kan zanen gado, ya riƙe.

"Ci gaba," ya ce. "Ina jin ki."